TAUSAYA WA NA ƘASA DA KAI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka wasu bayinSa a kan wasu cikin arziki da muƙami domin Ya jarraba su. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana samari na Unguwar Hajji da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo. Wannan 'yar nasiha ce a kan wata Sunna wadda ba a cika tsayawa a kanta ba. Mun sha jin wa'azi a kan barin gemu, da ɗage wando, da daidaita sahu. Duk gaskiya ne, kada a bari. Amma akwai Sunnar da ba a ganinta a masallaci, sai an bi mutum gona, ko shago, ko gareji, an ga yadda ya ke yi da wanda ke ƙarƙashinsa. Ita ce sauƙin hali da tausayi ga wanda Allah Ya sa a hannunka.

KAI MA SHUGABA NE

In an ce shugaba, sai hankalinka ya tafi ga Gwamna, ko Sarki, ko Ciyaman na ƙaramar hukuma, ka ce wannan magana ba da kai a ke ba. To, da kai a ke. Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu, cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu wanda ba a ba shi kiwon wani abu ba, kuma kowa sai an tambaye shi a kan abin kiwonsa.

Ranar da mahaifinka ya ce ka je ka tsaya a kan 'yan ƙwadago a gonar masara, ka zama shugaba. Ranar da ka buɗe shagon ɗinki aka kawo maka yara biyu su koyi aiki, ka zama shugaba. Direba shugaban yaron motarsa ne. Birkila shugaban leburan da ke kwaɓa masa siminti ne. Wanda ya sayi babur ya ba wani yana kawo masa balas, shi ma shugaba ne. Kada ka dubi ƙanƙancin wurin. Mala'ikun da ke rubuta aikin Gwamna, irinsu ne ke rubuta naka.

ABIN DA YA FARU A CHALLAWA

Kun san dam ɗin Challawa da aka gama a shekarar 1992 a nan ƙasar Karaye. Kogin da ya fita daga cikinsa, in ka bi shi ya nufi Kano, zai kai ka unguwar masana'antu mai wannan suna. A can ne, cikin watan Yuni na 2020, lokacin kullen cutar korona, 'yan sanda suka shiga wani kamfanin sarrafa shinkafa suka fito da ma'aikata fiye da 100, waɗanda aka ce an rufe su a ciki kusan wata 3 suna aiki. Ma'aikatan sun shaida wa 'yan jarida cewa an yi musu alkawarin ƙarin kuɗi, wanda ya ƙi zama kuwa a bakin aikinsa, kuma ba a barin su zuwa ganin iyalinsu. Aka rufe wurin, aka shiga bincike.

Duk wanda ya ji wannan labari ya yi tir. Amma ya ɗan'uwana, kafin ka gama yin tir, tambayi kanka: me ya sa waɗannan bayin Allah suka zauna? Ai talauci ne ya fara ɗaure su kafin a rufe ƙofa. Wanda ya rufe su ya san ba su da wurin zuwa. To, kai da ka riƙe wa ɗan ƙwadago kuɗinsa na kwana uku domin ka san ba shi da wanda zai kai wa ƙara, da me ka bambanta? Shi yana da katanga da ƙofar ƙarfe, kai ba ka da su. Amma tunanin ɗaya ne: "Ina zai je?"

DOKA BA TA ZUWA GONARKA

A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 70,000 a wata. Amma dokar albashin ta keɓe wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma keɓe aikin da a ke yi lokaci-lokaci kamar na gona. Watau mai yi maka noman firi da maimai, da mai saran rake, da mai casar shinkafa, da yaron shagonka, duk ba su cikin inuwarta. Ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba su da takarda, ba su san hanyar kotu ba. Babu jami'in da zai zo gonarka ya tambayi ko ka biya.

Saboda haka babu abin da ya rage tsakaninka da zaluntarsu sai tsoron Allah. Kuma ka sani, wanda ba shi da mai tsaya masa a duniya, yana da Mai tsaya masa a Lahira. Buhari ya ruwaito cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama. Ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cif, sa'an nan ya hana shi ladansa. Ka tsaya ka yi tunani. A kotun duniya a kan nemi lauya. Wane ne zai tsaya maka ranar da Mai shari'ar Shi ne Mai ƙarar?

YADDA MANZON ALLAH YA SHUGABANCI MUTANE

A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Annabi (S.A.W.) ya ajiye maharba 50 a kan tudu, ya ce kada su bar wurin ko me ya faru. Mafi yawansu suka sauka neman ganima. Abokan gaba suka zagayo ta baya, aka kashe Musulmi kamar 70, har da baffansa Hamza, shi kansa aka ji masa ciwo a fuska. Wane kuskuren yaron shago ne ya kai wannan? Amma ka karanta aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ka ga abin da aka umurce shi da shi a kan waɗannan mutane. Allah Ya nuna masa cewa taushin da ya yi musu rahama ce daga gare Shi, kuma kaushin hali da ƙeƙashewar zuciya abin da ke watsa jama'a ne daga jikin shugaba. Sa'an nan Ya umurce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, kuma ya ci gaba da shawara da su. In har jama'a za su iya watsewa daga jikin Annabi saboda kaushin hali, kai wane ne da za su zauna da kai?

Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa Annabi hidima shekara 10, tun yana yaro. Ya ba da shaida cewa a duk tsawon nan Annabi bai taɓa yi masa ko da tsaki ba, bai taɓa tsare shi da tuhumar don me ya yi kaza ko don me ya bar kaza ba. Ba domin Anas ba ya kuskure ba ne. Shi da bakinsa ya ba da labarin ranar da aka aike shi ya tsaya wurin yara masu wasa, har Annabi ya iske shi a can, ya kama ƙeyarsa yana dariya. Kai yau in ka aiki yaronka sayen allura ya daɗe, me ke fita daga bakinka?

Abu Mas'ud al-Badari yana dukan bawansa da bulala, sai ya ji murya a bayansa, fushi ya hana shi gane mai ita. Da ya waiwaya sai ya ga Annabi, yana tunatar da shi cewa ikon Allah a kansa ya fi ikonsa a kan wannan yaro. Nan take ya 'yanta shi. Annabi ya gaya masa da bai yi haka ba da wuta ta shafe shi. Wannan fa sahabi ne, wanda aka doka kuwa bawa ne. To, ina ga wanda ke zabga wa ɗan mutane belin fanka a gareji, ɗa mai 'yanci, wanda uwarsa ta kawo shi amana?

HAƘƘOƘI HUƊU

Tausayi ba murmushi kaɗai ba ne. Yana da ma'auni, ga su nan.

Na farko, lada. A yi jinga a fili kafin a fara aiki. Kada ka ce "yi kawai, ba za mu ɓata ba", domin daga nan a ke ɓatawa. Dubi yadda surukin Annabi Musa (A.S.) ya yi da shi a Madyana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas: ya faɗa masa adadin shekaru tun farko, 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne, ya kuma tabbatar masa ba ya nufin ƙuntata masa. In an gama aiki kuwa, a biya a ranar. Ibnu Majah ya ruwaito umurnin a sallami ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Kai "ka dawo ran kasuwa" magana ce mai sauƙi a bakinka. Shi kuwa matarsa ta ɗora tukunya tana jiran awo. Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, haka ya tabbata a Buhari da Muslim. Haka kuma yaron da ya yi maka shekara da shekaru a shago bisa alkawarin za ka yaye shi ka ba shi jari, kada lokaci ya yi ka ƙirƙiro masa laifin sata don ka kore shi hannu rabbana. Wannan mugun aiki ne, kuma an san ana yi.

Na biyu, nauyi gwargwadon ƙarfi. An ga Abu Zarri a Rabaza sanye da tufafi iri ɗaya da na bawansa, aka tambaye shi dalili. Ya ce ya taɓa zagin wani mutum ya goranta masa uwarsa, sai Annabi ya gaya masa cewa har yanzu akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Sa'an nan ya koya masa cewa masu yi mana hidima 'yan'uwanmu ne: a ciyar da su irin abin da a ke ci, a tufatar da su irin abin da a ke sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora kuwa a kama musu. Ka lura da wannan ta ƙarshe. Shi kansa Annabi, ranar haƙar ramin Handaƙu a shekara ta 5, yana jidar ƙasa tare da jama'a har ƙura ta rufe cikinsa. Saboda haka ba Sunna ba ce ka zauna gindin mangwaro kana danna waya kana ihu, yaro ɗan shekara 12 yana rangaji da buhun taki.

Na uku, harshe. Da yawa daga cikinmu ba sa hana lada, ba sa duka, amma bakinsu ya fi bulala ciwo. "Jaki", "dabba", "ɗan ƙauye", da ashar ɗin da alƙalami ba zai rubuta ba. Abin da ya fi muni, a gaban masu ciniki. Ka ga abin da aka kira wannan hali a hadisin Abu Zarri: jahiliyya. Ba a dubi daɗewarsa a Musulunci ba, aka gaya masa gaskiya. Magana zarar bunu ce. Wanda ka ci wa mutunci zai manta da kuɗin da ka ba shi, ba zai manta da wannan ba. In gyara za ka yi, ja shi gefe. In ya yi daidai, ce masa "sannu da aiki, Allah Ya yi albarka". Ba ta rage maka kwabo.

Na huɗu, cikinsa da sallarsa da jikinsa. Kada a kawo maka shinkafa da nama ka juya baya, su kuwa a miƙa musu ragowar ɗumame. Annabi ya yi umurni cewa wanda hadiminsa ya kawo masa abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to, ya ɗiba masa, domin shi ya sha zafin wuta da hayaƙi. In lokacin salla ya yi, a ajiye fartanya. In watan azumi ne, a rage aiki. In injin casa ya kama hannun yaro, ba ka ce "ƙaddara ce" ka nemi wani ba. Ƙaddara ce, gaskiya, amma kai shi asibiti yana wuyanka.

Har a cikin salla an kula da gajiyar ma'aikaci. Mu'azu ɗan Jabal ya ja wa mutanensa salla da dare ya ɗauko Baƙara. Wani mai ban-ruwa da raƙuma, wanda ya wuni yana aiki, ya ware ya yi sallarsa ya tafi. Da magana ta je gaban Annabi, Mu'azu ya yi wa faɗa, ya umurce shi da karanta gajerun surori. Ku samari masu limanci a masallatan unguwa lokacin damina, ku riƙe wannan.

"IN KA YI SAUƘI ZA A RAINA KA"

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ba ka san yaran yanzu ba. In ka sake musu fuska sai su hau kanka." To, saurara. Tausayi daban, sakaci daban. Ba a ce ka bar ɓarawo ya ci gaba da sata ba. Ba a ce wanda ya yi rabin kunya ka biya shi kuɗin kunya ɗaya ba. Ka faɗi ƙa'idarka a fili, ka tsaya a kanta, wanda ya karya ka yi masa gargaɗi, in ya ƙi ka biya shi haƙƙinsa ku rabu lafiya. Duk wannan ba ya bukatar zagi ko mari. Sayyidina Umar ba wanda ya raina shi, amma a shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu.

Kuma ka duba da idonka. Wanda a ke tsoro, a kan yi masa aiki muddin yana tsaye. Ya juya baya, sai a binne ciyawa a ce an nome. In inji ya fara wata ƙara, yaron da ke tsoron mari ba zai faɗa ba, sai ya ƙone. Amma wanda a ke ƙauna, ko yana Dawanau wajen sayar da hatsi, gonarsa tana nomuwa. In damina ta kankama kowa na neman hannu, ka lura da gonar da 'yan ƙwadago ke fara zuwa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Durƙusa wa wada kuma ba gajiyawa ba ne.

Kai kuma da ke ƙarƙashin wani, wannan nasiha ba sanda ba ce da za ka ɗauka ka nufi ubangidanka. A labarin Annabi Musa ɗin nan an siffanta ma'aikacin kirki da abu biyu: ƙarfi da amana. In ka karɓi jinga ka cika ta. Kada ka tsotsi man babur, kada ka ƙara kuɗi a kan kaya ka sa aljihu.

ABIN DA MAGABATANMU SUKA BARI

Wannan ba baƙon karatu ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa halayen mulkin zalunci da ya tarar. Daga ciki har da kama dabbobin dakon talakawa ba da izninsu ba, a yi wa sarki jigila da su. Watau cin ƙarfin wani ba lada yana cikin abin da ya yi wa'azi a kansa. Ƙanensa Malam Abdullahi, sa'ad da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar gida da nufin tafiya gabas. Da ya iso Kano wajen 1807, mutanenta suka roƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami domin masu mulki su san iyakarsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina, ya sa sauƙin hali da yawan afuwa cikin sharuɗɗan shugaba, ya kuma hore shi da kula da masu sana'a: manoma, da maƙera, da maɗinka, da marina, da mahauta. Waɗannan su ne suka yaƙi bidi'a a ƙasar nan kafin a haifi kakanninmu. Ba su raba gyaran aƙida da tausayin talaka ba. Mu ma kada mu raba.

KADA KA GADI MUGUNTA

Ya ɗan'uwana, mafi yawanku yau ku ne a ƙasa. Wani an mare shi a gareji a Kano, wani an cinye masa kuɗin ci-rani a kudu, wani ya kwana a kan buhu a bakin shago. Gobe Allah zai buɗa maka, a kawo maka ɗan wani. Ranar nan Shaiɗan zai raɗa maka: "Ai mu ma haka aka yi mana." Wannan ita ce hujjar masu bin iyaye a kan ɓata, wadda mu ke ƙi a wajen ibada. Don me za mu karɓe ta a wajen aiki? Kai da ka san zafin marin, kai ya fi cancanta ka tsayar da shi a kanka.

A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ji Annabi a ɗakinta yana roƙon Allah Ya tsananta wa duk wanda ya jiɓinci wani al'amari na al'ummarsa ya tsananta musu, Ya kuma sauƙaƙa wa wanda ya sauƙaƙa musu. Muslim ya ruwaito. Addu'ar Annabi ba ta faɗuwa. Sai ka zaɓi ɓangaren da ka ke so ya same ka.

Saboda haka kada ka ajiye wannan ɗan littafi sai ka yi abu uku. Ka zauna ka tuna ko akwai wanda ke bin ka ladan aiki, ko na bara ne, ka neme shi ka biya. In ya rasu ka kai wa magadansa. Ka tuna wanda ka zaga ko ka doka cikin yaranka, ka kira shi ka nemi afuwa tun ana biya da baki, kafin ranar da za a biya da lada. Sa'an nan gobe in an kawo abinci, ka ce su matso ku ci tare.

Ya Allah, Ka tausasa zukatanmu ga waɗanda Ka sa a hannunmu. Ka tausasa zukatan waɗanda Ka ɗora a kanmu. Kada Ka sa mu tashi ranar Alƙiyama da gumin wani a wuyanmu. Ka sa albarka a gonakinmu da sana'o'inmu, Ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Abin da ya zama daidai a cikin wannan nasiha daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya gafarta mini da ku baki ɗaya.